Rumfar Autana a Bakin Teku

Ni 'yar masunta ce, jikar masunta. Mijina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa neman inuwa ba in yana kan ruwa. Da ya rasu ya bar zago, mashin da yake sukar giwan ruwa da shi. 'Ya'ya maza biyu, zago ɗaya. Na ce yana nan a rataye sai na ga wanda ya gaji ubansa.

Autana direba ne a Doha. Lokacin korona, da aka kulle su a ɗaki, kullum sai ya kira ni ya nuna mini abin da yake haɗawa: bututan roba na famfo, tsohon tamfol, da ƙarfen da ƙofa ke juyawa a kansa. Wai rumfar kamun kifi ce, ana naɗe ta kamar tabarma a jefa bayan mota.

"Inna, ranar da kika zo, a ciki za ki zauna ki ga aikin ɗanki."

"Kifin ne ya ce maka mai rumfa yake so?"

Shekarar ƙwallon duniya aka buɗe ƙofa, ya kawo ni. Wata Juma'a maigidansa ya ara masa mota, muka wuce Lusail har wani fili, yashi shimfiɗe, ruwa can nesa. Ya buɗe rumfarsa yana satar kallona. Ya buga turaku, ya ɗaure tamau, ya shimfiɗa mini darduma, ya ɗauki fatsa ya nufi ruwa.

Kogimmu sau ɗaya yake cika a shekara, shi kuma daga kan dakalin Corniche, ginin bakin tekun Doha, ya saba jefa fatsa, bai san teku kullum yana cika yana janyewa ba. Ni kuwa ban taɓa ganin teku ba. Amma ina zama na ji danshi a yashin, na waiga na ga layin tarkacen da ruwa ke bari. A bayanmu yake, ba a gabanmu ba. Na gyara mayafina na yi shiru.

Sai da ruwa ya lashi dardumar ya farga. Ya sheƙo a guje ya kama rumfa zai naɗe. Tsatsa ta cinye ƙarfen, ya ƙi lanƙwasuwa. Igiya ta jiƙe, ƙulli ya ƙi kwancewa.

"Inna, tashi, yalla!"

"Ni kake wa yaren Larabawa? Naɗe abarka mana. Ba ka ce kamar tabarma ba?"

Ruwa ya kawo mini ƙwauri, ga gwiwoyina ba sa gudu. Ya dubi rumfar, ya dube ni, ya durƙusa ya goya ni. Muna tafe na waiga: rumfar ta tuge turakunta, ta kife, tana lilo ƙafafu a sama. Wasu masu shan iska suna ta dariya suna ɗaukar hoto.



"Kin gani tun ɗazu, ko, Inna?"

"Tun da na zauna."

Da muka shiga mota na ce ya kira mini yayansa. Shi ya danna, shi ya riƙe mini wayar a kunne, don hannuna duk yashi.

Na ce, "Shiga ɗakin ubanku ka sauko da zago. Naka ne."

Autan ya ajiye wayar, ya cire rigarsa ya goge mini ƙafafu, sannan ya tayar da mota.