Kwalin Funtua da Ba a Rufe Ba

Safiyyatu Haruna Funtua ta sauka a Doha ranar 9 ga watan Nuwamba na shekarar 2023, tana da shekara sittin da biyar a duniya. Talatin da ɗaya daga cikinsu ta yi su ne tana aikin uwar ɗakin kwana a wata makarantar 'yan mata, kuma aikin ya bar mata ido. Takan ce yarinyar da ke shirin gudu daga makaranta ba ta kuka, ba ta faɗa da kowa. Wanke kayanta take yi tsaf, ta tara sabulu, ta yawaita ladabi. A tsawon aikinta 'yan mata biyu ne kacal suka tsallake katanga ba tare da ta riga ta sani ba.

Abin da ya kawo ta shi ne jikarta Ruƙayya, 'yar shekara biyu, wadda ba ta taɓa gani ba sai a waya. Uban yarinyar, Shehu, ɗanta ne na fari, don haka ba ta kama sunansa, sai dai ta ce Injiniya. Yana aiki da wani kamfanin iskar gas, yana zaune a garin Al Wakrah kusa da Doha da matarsa Noraisa, ma'aikaciyar jinya, Musulma daga kudancin ƙasar Filifin. Hajiya Safiyyatu ba ta hana auren ba, amma tana da tsohon tabo. Yayanta Mumin ya taɓa auro wata mata daga Kumasi, wata rana ta ɗaure kayanta ta ce za ta kai yara uku ganin gida, kuma har aka binne Mumin ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

A ƙofar gida ta tarar da dangin da aure ya ba ta: Noraisa, da mahaifiyarta Hajiya Salima da ta zo ziyara daga garinsu Marawi, da ƙannen Noraisa mata biyu masu aikin kanti a unguwar Mansura. Noraisa ta sunkuya, ta kama hannun surukarta ta ɗora a goshinta. Ƙannen suka matso za su yi haka, sai Hajiya Safiyyatu ta janye hannun ta cusa a mayafi. Shehu ya ce haka suke gaida manya, neman albarka ne. Ta ce ta ji. A ranta kuwa ta ajiye cewa ladabin ya yi yawa.

A kwana na huɗu tana neman tsintsiya ta buɗe ɗakin ajiya, sai ga kwali da ya kai mata ƙugu, ya kusa cika. Ta ɗaga na sama: sabulai, man goge baki, kifin gwangwani, tawul. Ta zura hannu can ciki, ta zaro rigunan Ruƙayya a wanke, a goge, a ninke, da takalmanta ƙafa biyu. Ta mayar da kome yadda ta same shi, ta ja ƙofa.

Daga ranar ta sa ido. Duk dawowar da Noraisa za ta yi daga asibiti sai ta leƙa ɗakin ta jefa wani abu. Ranar Juma'a ƙannen suka zo da ledoji, suka shige, ana ta ƙusƙus da dariya cikin harshen da ba ta ji. Hajiya Salima kuma ba ta barin yarinyar ta daɗe a cinyar Hajiya Safiyyatu. Da ta ɗauke ta, sai a zo da ƙoƙon abinci ko a ce lokacin wanka ya yi. Da Hajiya Safiyyatu ta tambayi Shehu batun kwalin a kaikaice, idonsa na kan waya ya ce kayansu ne na gida. Ta tuna cewa Mumin ma haka ya ce.

Sai wata safiya ta ga fasfon Ruƙayya a kan tebur. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta farke gefen matashin kanta, ta cusa shi tsakiyar auduga, ta ɗinke. Babu fasfo, babu jirgi.

Abin da ba ta sani ba shi ne Shehu ne ya fito da shi, domin katin zaman yarinyar a ƙasar ya kusa ƙarewa. Kwana uku ana juye gida, tana zaune tana jan tasbaha. A rana ta uku Noraisa, idanunta sun yi ja, ta ce watakila ta haɗa shi da rigunan ta jefa a kwali. Aka jawo kwalin da aka yi wata takwas ana cikawa, aka zazzage shi a tsakar falo.

A nan Hajiya Safiyyatu ta ga abin da duhun ɗakin ajiya ya ɓoye mata: kowane abu an liƙa masa 'yar takarda da suna. Ta ɗauki wata riga mai ruwan hoda.

“Wannan ai ta Ruƙayya ce. Sunan wa aka liƙa mata?”

“Ta yi mata kaɗan, Hajiya,” in ji Shehu. “'Yar ƙanin Noraisa za a kai wa.”

Ya bayyana mata cewa al'adar mutanen Filifin ce da ke ƙasar waje: a yi watanni ana cika kwali, kowane dangi da rabonsa, sannan a sa shi a jirgin ruwa ya yi wata biyu a hanya.

“To, ita mai kayan yaushe za ta bi su?”

“Ba mai bin su. Hutunta sai baɗi, kuma Funtua muka shirya zuwa.”

Hajiya Salima ce ta sa baki, da Turancinta na ɗan kama-kama wanda bai buƙaci tafinta ba. Ta ce ita ma tsoro ne ya taso ta daga Marawi. An gaya mata cewa Hausawa, idan yaro ya shekara biyu, kakarsa kan zo ta tafi da shi yaye, wani har ya girma a can. Shi ya sa ba ta barin yarinyar a hannunta. Sannan ta dube ta ido cikin ido.

“Hajiya, ni nake shanya kayan shimfiɗa. Zaren da ke gefen matashinki sabo ne.”

Hajiya Safiyyatu ba ta yi musu ba, don kuwa maganar yayen tana cikin abin da ta zo da shi, tana jiran lokacin da za ta faɗa wa Injiniya. Ta miƙe ta shiga ɗaki, aka ji tsinkewar zare, ta fito ta ajiye fasfon a kan tebur inda ta ɗauke shi. Ba ta ba da haƙuri da baki ba. Ta durƙusa ta mayar da kayan kwalin ɗaya bayan ɗaya, sabulu cikin takalmi, gwangwani cikin tawul, har aka sami gurbin da a da babu. Maganar yaye kuwa ba ta sake tasowa ba.

Da aka sabunta katin, Noraisa ta kawo mata fasfon ta ce a wurinta zai riƙa zama. Ta ɗora goshinta a bayan hannun da ya karɓa, wannan karon ba a janye shi ba. Sannan ta nuna mata wani kwali a bayan ƙofa, an rubuta masa Funtua, da 'yan kaya kaɗan a ƙasansa. Ta daɗe da fara shi, amma ba ta san sunayen dangin ba, kuma tun ranar da aka janye wa ƙannenta hannu take jin nauyin tambaya.

Ziyarar wata biyu da Hajiya Safiyyatu ta zo yi ta zama zama, Shehu ya nema mata takardar izini. Halinta dai bai sauya ba: kowace safiya sai ta duba fasfon a ƙasan akwatinta, kuma idan ƙannen suka yi dariya da harshensu sai ta nemi a fassara mata. Kwalin Funtua ya koma hannunta. Ta rubuta sunaye ashirin da uku, ta sami rabon goma sha bakwai. Sauran shida jikokin ƙanwarta Zalihatu ne, takalman makaranta take so ta saya musu, amma ta ƙi yarda da lambar da aka karanto mata a waya. Ta ce yaro yakan ƙara wa ƙafarsa lamba don a ce ya girma. A auna kowace ƙafa da tsinken tsintsiya, a karya daidai, a ba mai zuwa Doha.

Allah ya yi mata rasuwa ranar 17 ga watan Afrilu na shekarar 2025, bayan gajeriyar jinya, aka binne ta a Doha. Bayan kwana tara wani likita da ya dawo daga hutun gida ya kawo ambulan daga Zalihatu, da tsinke shida a ciki, kowanne an ɗaura masa suna da zare. Noraisa ta ɗora ambulan ɗin a kan kayan kwalin Funtua. Kwalin yana nan a buɗe, saura kamu ɗaya ya cika.