Gawa Mai Janbaki

A wurin ɗaukar shirin 'yan sandan nan na talabijin ba mai kiran ta da sunanta. Anti Mai Jini ake ce mata, don ita ke zana rauni a jikin 'yan wasa. A shagon gyaran gashi ta koyi kwalliya, ta yi shekara da shekaru tana ɓoye wa mata tabo, sai ga shi abincinta ya koma ƙirƙiro shi. Akwatinta cike yake da soso da danƙo da kwalaben ja kala-kala. Ga ta da baki, ba ta gani ta ƙyale. Jini ba ya kwana yana ja, in ji ta, sai dai a ƙwaƙwalwar darakta. Shi kuwa haƙuri yake da ita irin na mai ciwon haƙori.

Ranar da abin ya ɓaci, labarin wata budurwa ake ɗauka da aka shaƙe a motar haya. Anti ta zaunar da 'yar wasan, ta kumbura mata fuska, ta baƙanta leɓe, ta yi shatin farce a wuya, inda yarinya za ta yi ta kokawar ɓamɓare igiya. Da aka kunna fitilu, mai kyamara ya kau da kai.

"Anti, wannan ai ta yi muni," in ji darakta. "Mutane suna cin abinci suke kallon mu. Goge, ki ɗan sa mata janbaki, kamar tana barci."

"Barci? Wanda aka shaƙe ba ya kama da mai barci, ranka ya daɗe. Haka aka yi wa ƙanwata. Ni aka kira asibiti, aka yaye min zane. Ni ma ba so na yi in gani ba."

"Allah ya ji ƙanta. Amma wasa muke yi."

"To ku yi wasanku. Hannun nan dai ba zai yi wa kisa kwalliya ba."

Ya ce ko ta goge ko ta kama gabanta. Ko gardama ba ta tsaya yi ba, ta rufe akwatinta ta koma shagon gashi. Abin ya ci mata rai, don tana son aikin nan kamar me, amma duk wanda ya ce ta je ta ba da haƙuri sai ya sha harara.

Ranar da aka haska shirin tana zaune a falo da mahaifiyarta, wadda aka hana ganin gawar ƙanwar Anti saboda hawan jini. Ga budurwa nan kwance, gashi a taje, leɓe jawur. Anti ta buɗe baki za ta wanke su tas, sai tsohuwa ta riƙo hannunta, idonta na kan talabijin.

"Haka autata ta yi, ko? Ba ta sha wuya ba?"

Anti ta haɗiye maganar da ƙyar.

"Haka ta yi, Mama. Har ta fi wannan kyau."