Hatsin Irin Babana Da Tafiyar Toskana

Malam Edita, a buga wannan ba tare da sunana ba. Ni ma ba zan kama sunan kowa ba, ko da yake akwai wanda in an karanta masa zai san da shi nake, kuma so nake ya sani. A shekarun babban fari ni saurayi ne ɗan lakwal, wato ɗan boko, ina yaro aka ɗaga tutar ƴancin kai, na tashi ina ganin duk mai wando da takalmi ya fi mai fartanya. Tafinta nake a wani biro, wato ofis, a Filinge ta Nijar, da ke aiki da wasu nasaru ƴan Italiya masu haƙa rijiyoyi, a bakinsu na tsinci yarensu. Babana manomi ne a wani ƙauye kusa da Tabla, kuma kunya nake ji in ya zo nemana da ƙafa fururu.

Da babban nasaran ya gama wa'adinsa, sai ya gayyaci ma'aikatan bironmu yankinsu, Toskana. Bai ɓoye komai ba: yawon ci da sha ne, don godiya. Yayansa na da gonar inabi, za a zagaya da mu garuruwa mu ɗanɗana cuku da taliya da man zaitun da giyar da suke alfahari da ita. Ni aka ɗora wa tsara tafiyar, tunda ni ke jin bakin kowa. Kullum da yamma sai a shimfiɗa taswira a tebur a hau gardama, alhali a bakin ƙofa mata na zaune da ƙwarya suna jiran jar dawar taimako. Wannan ya ce a fara da garin gasasshen nama, wancan ya ce in tambaya ko akwai alade a miya. Wanda ke ja mana salla a biro ma ya ja ni gefe, ya ce in roƙi nasara a riƙa zuba masa giyar a kofin shayi. Har yau in na tuna fuskokinsu sai raina ya ɓaci.

Shef ɗinmu, shugaban biron, shi ne uban tafiyar, mutum mai tumbi da daɗin baki. Ba za a ba shi izini don yawon cin taliya ba, saboda haka ranar kasuwa ya sa aka yi shela cewa wakilai za su Italiya roƙon rijiyoyi wa ƙasarmu ta Kurfai. Kun san halin mutanenmu, wanda zai je aiken gari ba a barinsa ya shiga gidan baƙi hannu sake. Mutanen da ke jiƙa anza, ƴaƴan icen dajin nan masu ɗaci, suna ci suka fara kawo tabarmi da cuku da ƴan zabin da suka rage. Ni na san ba maganar rijiya ko ɗaya a taswirar nan, amma jirgin sama nake son shiga, sai na ja bakina na yi shiru.

Rannan sai ga Baba, ya tako tun daga ƙauye da ɗan dami a ka. Ina ganin ɗaurin na gane shi, domin da tsumman shuɗin zanen Inna aka ɗaure. Hatsin irinsa ne. Duk kaka shi da kansa ke zaɓar zangarniyar da ta fi cika ya rataye a ƙololuwar rumbu, haka ya gada daga kakanmu, iri ne mai saurin nuna da ya saba da yashinmu. A shekarar nan an kwana da yunwa a gidanmu, ba wanda ya taɓa shi. Baba ya ce in kai wa nasaru, in sun ga hatsin Kurfai za su gane ƙasa na da rai, ruwa kaɗai ta rasa. Na ce da me zai yi shuka, ya ce Allah na nan, rijiya ta gari duka ce. Maimakon in faɗa masa gaskiya a wurin, sai na karɓa na kai mangazar biro, ɗakin ajiyar kayanmu, da niyyar in na dawo in mayar masa kafin ruwa ya sauka.

Ana jibi tashi, shef ya yi walimar ban kwana a gidansa. Aka kawo fura a sabuwar ƙwarya, mai kauri, mai ƙamshi, irin wadda rabona da ita tun kafin fari. Na sha, na ƙara, har na yaba da babbar murya. Shef ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce ai dole in yaba, hatsin gidanmu ne. Wai ya ga ba mai ɗaukar dami a jirgi, nasaru kuma ba su san me za su yi da shi ba, shi ya sa ya ba iyalinsa suka sussuke. Na fita tsakar gida, ga tsumman zanen Inna yashe kusa da turmi, awaki na cin ƙaiƙayin.

Na koma ciki na zage shi a gaban baƙinsa, na ce masa ɓarawon talakawa, na tona zancen kofin shayi. Ba wanda ya goyi bayana. Suka ce yaron nan ba shi da kunya, a kan ɗan dami ɗaya yake neman ɓata wa mutane tafiya. Washegari aka kore ni daga aiki. Shef da mutanensa suka tafi suka ci suka sha, suka dawo da kwalabe naɗe a tawul, suka gaya wa mutane ana duba maganar rijiya.

Ruwa ya sauka a shekarar, amma ya ɗauke da wuri. Baba ya shuka irin da ya samo a kasuwa, na kudu mai daɗewa, ya yi kara kore shar ya bushe ba ƙwaya. Maƙwabtan da suka riƙe nasu irin sun ɗan sami na bakin salati. Muna tsaye a cikin karan nan Baba ya tambaye ni me nasaru suka ce da suka ga hatsinsa. A nan na faɗa masa komai. Bai zage ni ba, da ya zage ni ma da na fi jin sauƙi. Ya daɗe yana kallon gona, sannan ya tambaye ni ko furar ta yi daɗi. Na ce ta yi. Ya gyaɗa kai, ya ce ya san za ta yi.

Shef yana nan da ransa, ya tsufa, yana sahun gaba a masallaci. An sha cewa in yafe masa, ban yafe ba, kuma ba na amsa gaisuwarsa. Amma shi bai san hatsin iri ne a damin nan ba, ni na sani. Jan kunnena ga matasa masu aiki tsakanin manya da mutanen ƙauye shi ne, in kun san abin da aka shirya a tebur ya saɓa da abin da aka faɗa a kasuwa, ku faɗa tun kayan mutane na hannunsu. Irin kakanmu ya ƙare a gidanmu a shekarar nan, kuma da bakina na sha shi.