Gadin Lamba a Ɗakin Inna

A shekarar da sojoji suka koma bariki, kusan kowane gida a Katsina yana da wanda yake jira. Mu yayanmu muke jira. Ya bar gari tun zamanin da ake kama masu rubutu a jarida, ya fita ta Jibiya da kayan jikinsa, daga baya sai labari ya zo yana Turai. Da farar hula suka karɓi mulki, 'ya'yan wasu suka fara dawowa, mahaifiyarmu Inna ta sa aka shafe ɗakinsa da farar ƙasa. Shi dai bai zo ba. Sai da bazara ta zagayo wani ɗan kasuwa ya kawo faifai irin na kwamfuta, da saƙon baka cewa hotonsa ne da muryarsa, kuma a ciki ya yi wa Inna bayanin dawowarsa.

A lokacin ƙafa ta riga ta hana Inna fita, kunne ma sai an ɗaga murya. Ta naɗe faifan a ɗankwali ta tura ƙarƙashin matashi, ta ce ba inda za shi, kuma ba mai jin sa kafin ta. Wanda ya san Inna ba ya ɓata bakinsa a kan irin wannan. Tunda faifai ba zai je wurin kwamfuta ba, kwamfuta ce ta je wurinsa.

Maigidana malamin kimiyya ne a sakandare, yana da wata tsohuwar kwamfuta da ya saya ta hannu, yana lallaɓa ta kamar ƙwai. Muka ɗauko ta daga gidanmu na Ƙofar Kwaya zuwa gidan Inna a Ƙofar Guga, ina rungume da allonta a bayan mota. Gwajin farko bai yi daɗi ba. Injin ba shi da ƙarfin jan faifan. Fuskar Yaya ta fito, ta motsa, ta sandare baki a buɗe, muryar tana zuwa gutsure-gutsure. Inna ta kawar da kai ta ce a cire, ba za ta kalli ɗanta kamar mai shanyewar jiki ba.

Maigidana ya ce akwai dabara. Ya buɗe cikin akwatin, ya nuna mini wani abu ƙarƙashin ƙarfe mai haƙora da 'yar fanka a kansa, ya ce shi ne furosesa, ƙwaƙwalwar injin. Masu ƙera shi sun yanka masa gudu, amma ana iya ƙure shi ya wuce haka. Ya ari hantsakina ya sauya wa wasu 'yan robobi mazauni, ya shafa wani farin abu mai kama da man goge baki, ya mai da ƙarfen. Da ya kunna sai ga Yaya yana magana tiryan-tiryan, har ƙiftawar idonsa ana gani. Ya yi ƙiba, ya yi furfura a gemu. Na yi kuka ban shirya ba.

Sai dai gudu yana zuwa da zafi. A kusurwar allo akwai wata 'yar lamba da ke nuna zafin furosesa, tana hawa a hankali. Maigidana ya ce muddin ta kai saba'in a kashe nan take, in ba haka ba abin zai ƙone, kuma irinsa sai an aika Legas. Tsayar da hoton ba ya rage zafin, in kuma aka ja shi gaba sai allo ya yi baƙi murya ta ɓace. Duk lokacin da aka kashe, daga farko za a sake.

To shi da ya san kan abin ba ya iya zama a ɗakin. Suruki ne. Zai shigo a sunkuye, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ya haɗa wayoyi kansa a ƙasa kamar wanda ya yi sata, ya fice zaure. Na ce masa yau ɗaya a ajiye kunyar nan mana, ya kalle ni kamar na ce ya fita kasuwa ba hula. Ita ma Inna da na taɓo mata zancen cewa ta yi ashe ban da hankali. Haka gadin lamba ya faɗo kaina, ni da ko rediyo ya lalace sai dai in buga masa tafi a gefe.

Yaya kuwa ɗan gidanmu ne, ba zai fara da abin da ya kawo shi ba. Ya gaishe da Inna, ya tambayi ƙafa, ya tambayi zafi. Ya gaishe da baffanninmu ɗaya bayan ɗaya, da gwaggonni, da liman, da maƙwabta na dama da na hagu, har da mutanen da suka rasu bai sani ba. Inna tana amsa kowace gaisuwa da ƙarfi. In ya ambaci mamaci sai ta ce Allah ya ji ƙansa, ta gaya masa watan da aka yi rasuwar. Daga nan ya kawo 'ya'yansa gaban na'ura su ma su gaishe ta da guntuwar Hausarsu. Ita tana dariya, ni idona yana kusurwa. Hamsin da wani abu, sittin, sittin da biyar. Kafin ƙaramar ta gama cewa ina wuni lambar ta cika, in danna maɓallin kashewa. Inna ta dube ni kamar ni na toshe masa baki.

Ba abin da ba mu gwada ba. Mun bar akwatin a buɗe. Mun kafa masa fankar tsaye. Na sayo ƙanƙara na zuba a roba gaban fankar, maigidana ya aiko daga zaure a matsar da ita kada laima ta shiga. Da sanyin asuba za a samu da an dace, amma wutar unguwar ba ta zuwa sai rana ta take, lokacin da kwanon ɗaki ke ƙara don zafi. Na ji haushin masu wuta, na ji haushin maigidana da kunyarsa, na fi jin haushin Yaya. Mutum yana da magana ɗaya da uwarsa ke jira, ya tsaya gaishe da mai kayan miyan bakin layi. Gaisuwar nan har na haddace ta, ina wanke-wanke ina jin ta a kaina.

Wata rana hadari ya haɗu bai zubar ba, iska ta ɗan yi sanyi, aka kuma yi sa'a da wuta. Lambar ta hau a hankali fiye da kullum. Yara suka gama gaisuwa suka kauce, karo na farko muka wuce wurin. Yaya ya gyara zama, ya cire tabarau ya goge. Na duba kusurwa, sittin da tara. Na kai hannu.

Inna ta ce, “Kada ki taɓa.”

Na ce, “Inna, ƙonewa zai yi.”

“Na ce kada ki taɓa mani shi.”

Daga zaure maigidana yana tambaya nawa ta kai. Saba'in ta wuce, ta ƙara ɗaya, ta ƙara biyu. Yatsana yana kan maɓalli, ban danna ba, ban kuma ɗauke ba.

Yaya ya ce, “To Inna, batun dawowata gida kuwa,” ya sunkuyar da kai. A nan hoton ya tsaya. Lambar ma ta tsaya. Ba abin da ke motsi sai fanka.

Na buɗe baki zan yi mata bayani cewa injin ne ya cije, ta ɗaga mini hannu. Ta ci gaba da kallon allon, tana jira ya ƙarasa, yadda ake jiran mutum in yana neman abin faɗa. Na rasa yadda zan yi. Maigidana ya taso har bakin labule, ina ganin ƙafarsa, ya kasa shigowa.

An jima ta gyara mayafinta ta ce, “Na ji. Tun shina yaro, in zai hwaɗi abin da ban so, haka yake duƙar da kai ya yi shiru.”

Na ce mata ba haka ba ne, zafi ne kawai, gobe in an samu wuta za mu sake, mai yiwuwa ma cewa zai yi yana tafe da sallah. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce in kashe wa mijina kayansa kada su lalace, in kuma gaya masa ta gode, ya zo ya ɗauka.