Borghild Nesvik, Mai Dafa Fitsarin Garinmu

Kafin likitoci su iso, Borghild Nesvik ta riga ta kunna fitilarta ta dafa gwaji a ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin asibitin garinmu, ta jera kwalabe. Aikinta dafa fitsarin marasa lafiya. Takan ɗiga shi cikin wani ruwan magani shuɗi, ta ɗora a wuta. In ya tsaya shuɗi, lafiya lau. In ya koma ja kamar bulo, ciwon sukari ne, kuma a shekarun da ta fara aiki wannan jan launin sammacin kabari ne.

Wannan makon za ta ajiye aiki. Waɗanda suka riƙa ƙin cin burodinta a taron coci, wai hannunta na zarni, su karanta su ji kunya.

Ƙa'idarta guda ce: ba ta yanke wa mutum hukunci da kwalba ɗaya. Ku tambayi Torleif masunci. Wata shekara mai jirgin da yake wa aiki ya ce sai an gwada kowa kafin fita kamun kifin hunturu, Torleif ya shigo da kwalbarsa daga gida yana washe baki.

"Uwar kwalabe, ga romonki. A sa gishiri."

"Zauna, sarkin surutu."

Ta dafa. Ja wur. Ta miƙa masa wata kwalbar. "Shiga bayan labulen can ka ba ni sabo."

Na biyun ya tsaya shuɗi.

"Torleif, na farkon na wa ne?"

Ya sosa ƙeya. "Haba Inna Borghild. Jiya na ɗan kurɓa, na ji tsoron giya ta fito a hana ni jirgi. Na matata Ragna ne."

"Giya ba ta fitowa a nan, sakarai. Ragna na yawan jin ƙishirwa? Ta rame?"

Dariyarsa ta ɗauke. "Tun kaka. Cewa take wahalar shanya kifi ce."

Borghild ba ta aike shi ba, ta san halin maza. Ta zura rigar sanyi, ta bi shi har bakin ruwa, ta riƙo hannun Ragna zuwa gaban likita. Sabuwar allurar sukari ba ta daɗe da zuwa ƙasarmu ba. Aka fara yi wa Ragna, Borghild tana dafa fitsarinta kowace safiya: ja, rawaya, kore, har ranar da ruwan ya ƙi sauyawa.

Ke ce kika riƙe abin da kowa ke toshe wa hanci, kika karanta rai a cikinsa. Mun gode, Borghild. 'Yan matan da suka gaji fitilarki su gaji ƙa'idarki, kada ganda ta hana su sake gwaji.

Ran Lahadi za a yi mata bankwana a coci, kuma ita za ta gasa burodin. Ragna ta rantse ita za ta fara ci a gaban kowa. Borghild ta yarda, amma rabin yanka kawai.