Man da Ya Ƙi Daskarewa

Mai gyaran na'urori bai san sunan mai binciken ba. An dai kira shi ɗakin gwaje-gwaje ya duba ma'aunin sanyi, ga ta kuma tsaye a kan ma'aunin kamar mai jinya. Doguwa ce, farar rigar aikinta ta sha guga amma aljihun duk tabon biro, sai murza zoben hannunta take yi.

Ƙananan kwalabe biyu ne a gabanta, da mai iri ɗaya a cikinsu. Na farko ya daskare a kan lokacinsa. Na biyun, da ta jiƙa cikin wani farin gari mai ramukan da ido ba ya gani, ma'aunin ya nuna sai da sanyi ya ƙaru sosai sannan ya daskare.

"Wata huɗu abin da nake samu ke nan," in ji ta. "Shugabana ya ce ma'aunin ne ke ƙarya."

Ya gwada har sau uku. "Baiwar Allah, lafiyarsa ƙalau."

Ta zauna, ta cire tabarau, ta sauke ajiyar zuciya. Yana kallonta yana ayyanawa a ransa cewa ta daɗe tana komawa gida da shakkar kanta.

"To me ke hana shi daskarewa?" ya tambaya.

"Matsi. Sai ƙwayoyinsa sun jeru sahu-sahu yake daskarewa, ramukan kuwa sun yi musu kaɗan."

"Na gane. 'Ya'yana biyar ɗaki ɗaya suke, ba sa taɓa nutsuwa da wuri."

Ta yi dariya har da ƙwalla. Sai yanzu ta saki zoben.