Buroshi Goma Sha Ɗaya

Shekara talatin Babanmu ya yi yana kula da dawaki a wata barga inda masu hali ke kawo 'ya'yansu koyon hawa. Bai iya karatu ba, amma fatar doki yana karanta ta da tafin hannu. In gashi ya taso da ɓawo bayan dukan ruwan sama, ya ce kirci ne. In doki ya addabi bango da susa, ƙazuwa ce. In gashin ya zube a zagaye kamar an ɗora kwabo, to makero ne, kuma shi ya fi tsoro.

Dawakin goma sha ɗaya ne, buroshinsu ma goma sha ɗaya, kowanne da zare mai launinsa a ƙugu, kowanne da ƙusarsa a bango. Mamanmu takan tsokane shi cewa mu 'ya'yansa bakwai mataji ɗaya muke karɓa-karɓa, dawaki kuwa kowa da nasa. Sai ya ce ai mu muna da bakin yin ƙara.

Ana nan mai barga ya kawo sabon manaja, mai ƙamshin turare, wanda ko hancin doki bai taɓa shafawa ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ya dubi bangon Baba ya ce wannan tarkace ne, ya sa aka zuba su a shara, ya kawo buroshi guda mai tsada a yi wa kowa da shi. Baba ya yi magana, ya ce masa, "Tsoho, aikinka shara da ba da ciyawa."

Bayan sati uku tabo ya fito a wuyan Akawal, baƙin dokin da yara suka fi so. Baba ya roƙa a ware shi, a kira likitan dabbobi. Manaja ya ce masu kawo yara za su tsorata. Abin da ya yi, har yau in na tuna raina ɓaci yake: man takalmi ya miƙa wa Baba, wai ya shafe wurin kada a gani. Baba ya ajiye gwangwanin a ƙasa ya ce hannunsa ba zai yi ba. Manaja ya sa safar hannu ya shafa da kansa.

Cuta ta bi buroshi ta kama dawaki shida. Ta fito a damtsen Baba, ta fito a ƙaurin wata yarinya mai koyon hawa. Da uwar yarinyar ta zo da faɗa, sai manaja ya kamo hannun Baba ya ɗaga a gaban jama'a, ya ce ga wanda ya kwaso ƙazanta daga gida ya shafa wa dabbobi. A ranar aka kore shi. Mutumin da ko lokacin zazzaɓi bai taɓa fashin aiki ba ya dawo gida da rana tsaka, ya ja hannun riga ya rufe damtsensa, ya ƙi cin abinci.

Likitar da mai barga ya kira daga baya ta kankare fatar Akawal, ta sunsuna yatsanta ta tambayi wa ya shafa man takalmi. Gwaji ya nuna makero ne. Ta ce a ware masu ciwon, a riƙa yi musu wankan magani, a kuma nemo wa kowane doki buroshinsa. Abin da aka zubar a shara ke nan.

Mai barga ya aiko direba wai Baba ya koma gobe. Ba haƙuri, ba komai, manaja ma yana kan kujerarsa. Na ce wallahi ba inda za shi sai an wanke sunansa a gaban mutanen da aka kunyata shi. Ina cikin sababi na lura ya jawo kwandon ɗinkin Mama yana tsinko zare kala-kala.

"Baba, mutanen nan fa sun ce kai ƙazami ne."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Uwata, Akawal bai ce ba. Miƙo min jan nan, shi ne nasa."